Ku Daina Yage Zanen Yaran Nan

Kwanakin baya wata malamar firamare a unguwarmu ta nuna mini littafin wani yaro ɗan aji uku, wanda iyayensa suka yo hijira daga wani ƙauye a Zamfara bayan 'yan bindiga sun far musu cikin dare. A shafukan baya ba ka ganin komai sai babura, kowanne da mutum biyu ko uku a kai, sai bukkoki da ya dinga goga wa jan biro a rufi har takardar ta huje. Wani malami ne ya fara gani. Ya tsula masa bulala, ya yage shafukan da hannunsa ya kai gare su a gaban 'yan aji, ya ce wai yaron ɗan ta'adda yake shirin zama. Da labari ya isa gida, uban ma ya ƙara masa. Tun daga ranar ya daina zanen, ya daina buɗe baki a aji, fitsarin kwance kuma ya dawo masa.

Haba jama'a! Yaron da ya ga an ƙona garinsu, me kuke so ya zana, furanni? Mu manya idan abu ya ci mu, muna da majalisa, muna da aminai. Matanmu na da can suna sauke damuwar kishiya da ta uwar miji a cikin waƙar daka da ta niƙa, ba wanda ya ce sun haukace. Shi yaro ba shi da kalmomin da za su ɗauki abin da idonsa ya gani, sai hannunsa ya yi masa magana. Idan an toshe wannan hanyar, abin ba tafiya yake yi ba, sai ya ɓullo ta mugun mafarki, da firgita, da faɗa da 'yan'uwa.

Wannan ba sabon abu ba ne a wajen masana. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, yana jinyar tarin fuka ya lura zane na rage masa ƙuncin kwanciyar asibiti, ya shiga jan sauran majinyata, kuma a 1942 ya raɗa wa abin suna magani ta hanyar zane. Yau fanni ne da ake karanta shi a jami'a. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya tattara bincike sama da 3,000 kan amfanin zane da kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo ga lafiya. A sansanonin gabashin Chadi kuwa, a 2007, an ba yaran Darfur takarda da fensir, suka zana jiragen da suka yi musu ruwan wuta. Zane kusan 500 aka kai Kotun Duniya da ke Hague, ta kuma karɓa. Can kotu ta karɓa, mu nan da bulala muke karɓa.

Abin da ake nema a gare ku bai kai kuɗin katin waya ba. Ku ba yaro takarda da fensir mai launi, ko gawayi da bango, ko laka daga bakin rafi. Ku zauna kusa, ku yi shiru. In ya gama, a ce masa, "Ba ni labarin wannan." In ya ƙi, a ƙyale shi. Kada a tsare shi da tambayar wa aka kashe, wa ya gudu. Ba ofishin 'yan sanda ba ne. Kada a gyara masa, kada a ba shi maki, kada a ce bai yi kyau ba. Sannan don Allah a daina ɗaukar hoton zanen ana yaɗawa a Facebook don neman tausayi, sirrinsa ne. A adana masa a wuri guda, a rubuta kwanan wata a baya.

Na san akwai iyayen da ba sa son zanen abu mai rai saboda addini. To, ai ga ɗinkin hula, ga saƙar faifai da tabarma, ga zanen lalle ga 'yan mata, ga ginin gidan laka. Hannu dai ya samu aiki, zuciya ta samu sarari.

Amma fa uwa ko malami ba likita ba ne, kada kowa ya zauna yana fassara zane kamar mai duba. Idan wata ya wuce yaro ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana zancen mutuwa, ko abu guda yake ta maimaitawa yana kuka, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, ga kuma na Dawanau a Kano. Ku tafi da takardun nasa a jaka, likita zai so ya gani.