Ƙaramin tiyon da ake tsige wa babura a Yola

A wurin bakanike a Bako, cikin Yola ta Kudu, akwai gyaran da ba ya cin minti biyar: a tsige tiyon da ya taso daga inji zuwa akwatin matatar iska, a bar shi yana reto. Hujjar ita ce baƙin mai yana jiƙa matatar, sai babur ko Keke Napep ya riƙa shaƙewa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, duk dabarar da aka ce tana rage shan mai ba ta rasa masoya.

Tiyon nan kuwa ba ado ba ne. Idan fetur ya ƙone, wani hayaƙi kan sulale ta gefen fiston zuwa mazaunin baƙin mai, tiyon ne ke mayar da shi ya sake ƙonewa. Mai ya yawaita a matatar? Galibi ringin fiston ne ya cinye, ko an zuba baƙin mai fiye da kima. Tsige tiyon rufe ciwo ne kawai. Hayaƙin zai fita titi, ƙurar hunturu ta samu ƙofa ta gauraye da mai tana cin injin daga ciki, da damina kuma ruwan da ke kwanciya a titunan Jimeta ya bi ta nan.

Hukumar NESREA na da dokar hayaƙin ababen hawa tun 2011, sai dai da wuya ka ji an ambace ta a gareji. Ma'aikacin Abuja da ya saya wa ƙaninsa keken haya a gida, idan aka bugo neman kuɗin sauke inji, ya fara tambayar inda tiyon yake.