Galla: Ƙudan zuman da ba ya harbi da amfanin da zai yi wa gonakin Birnin Gwari

Tun bayan sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga, wanda ya kai ga Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024 bayan ta shafe shekaru a rufe, manoma da dama sun koma gonakin da suka daɗe da ƙaurace wa. Lissafin da ke gabansu yanzu shi ne na taki da iri da maganin feshi da kuɗin 'yan ƙwadago.

Akwai wata ma'aikaciya da ba a saka ta a wannan lissafi, alhali ba ta karɓar lada: galla, wadda wasu ke kira rakuwa. Ita ce 'yar mitsitsiyar ƙwaron nan da ke damun mai noma da rana, tana sauka a kan gumi tana neman shiga ido. Da yawa na ɗaukar ta a matsayin ƙuda, amma ƙudan zuma ce, tana yin zuma, kuma tana cikin masu yi wa amfanin gona barbara.

Hausawa na cewa ba a shan zuma sai an sha harbi. Zuman galla bai bi wannan ƙa'ida ba, domin ƙarinta ya shafe, ba ta iya harbi. Wannan ne ya sa ake iya ajiye ta a tsakar gida, kusa da yara da dabbobi.

Yadda take rayuwa

Masana sun ƙididdige fiye da nau'i 500 na ƙudan zuma marasa harbi a duniya, mafi yawansu a Kudancin Amurka. Afirka na da 'yan gommai. Wasu na sheƙa a kogon bishiya, wasu a tsagar katanga, wasu a cikin ƙasa ko a suri. Alamar gidan galla ita ce ɗan ƙaramin bututu na kaki da danƙo a bakin ramin, inda masu gadi ke tsayawa.

Galla ba ta adana zuma a saƙa irin ta ƙudan zuman da aka sani. Ƙananan tukwane take ginawa da kaki haɗe da danƙon itatuwa, ta cika wasu da zuma, wasu da garin fure. 'Ya'yan kuma suna da nasu ɓangaren.

Abu mafi muhimmanci ga mai son kiwonta shi ne halin uwar gidan, wato sarauniya. Da zarar ta fara ƙwai cikinta yakan yi nauyin da ba za ta sake tashi ba. Saboda haka galla ba ta saurin ƙaura yadda ƙudan zuman amya ke watsewa ya bar mai shi da kango. Amma wannan hali shi ne kuma rauninta: idan aka sare bishiyar ko gobara ta cinye ta, gidan ya mutu ke nan. Kafa sabon gida ma yana ɗaukar ta makonni, domin sai ma'aikata sun yi ta jigilar kaki da abinci daga tsohon gida zuwa sabon wurin da ke kusa kafin budurwar sarauniya ta tare.

Amfanin gonar da ke buƙatarta

Ba kowace shuka ce ke jiran ƙwaro ba. Masara da dawa da gero, waɗanda su ne ƙashin bayan noman Birnin Gwari, iska ce ke yi musu barbara. Shinkafa da wake da waken suya da gyaɗa galibi suna yi wa kansu.

Labari ya sha bamban a wajen kankana da kabewa da kokwamba da agushi. Furen namiji daban yake da na mace a jikin yaɗo ɗaya, kuma garin furen yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Idan ƙwaro bai kai shi ba, ɗan yakan yi rawaya ya faɗi, ko ya fito a karkace. Manomin da ya ga haka yakan zargi iri ko taki, ya ƙara feshi, feshin kuma ya ƙara kashe masu barbarar.

Riɗi da auduga na iya yin 'ya'ya da kansu, amma yabanyar ta fi kyau idan ƙudan zuma ya ziyarce su. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka wallafa a 2017 ya gano cewa hana ƙwari kaiwa ga furanni ya rage amfanin auduga da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kashi 59. Mangwaro da barkono su ma suna cikin waɗanda ke ƙaruwa da ziyarar ƙwari.

A matakin duniya, rahoton da cibiyar IPBES ta fitar a 2016 ya ce fiye da kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona na abinci suna amfana da barbarar ƙwari da sauran halittu. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 20 ga watan Mayu ta zama Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya.

Galla ba ta tafiya mai nisa. Ƙananan nau'o'inta ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga gida, yayin da ƙudan zuman amya ke iya cin kilomitoci. Ga manomi wannan riba ce: gidan da ya ajiye a gefen lambunsa, lambun nasa zai yi wa aiki.

Kaɗanya da kuɗin mata

Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 1,120. Shi da gonakin da ke kewaye da shi cike suke da doka da maje da ɗorawa da kaɗanya. A cikinsu kaɗanya ce ta fi shafar aljihun mata, domin su ke tsintar 'ya'yan da damina, su sayar da ƙwarar ko su haɗa man kaɗe.

Kaɗanya na fure ne da rani, lokacin da furanni suka yi ƙaranci, kuma ta dogara sosai da ƙwari. Binciken da aka yi a Gana da Burkina Faso ya nuna cewa ƙudan zuman amya da ƙananan marasa harbi su ne manyan masu ziyartar furenta, kuma inda masu barbara suka yi ƙaranci bishiyar ba ta ɗaukar 'ya'ya yadda ya kamata.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗe. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyarta zuwa ƙetare na wata shida, da nufin a riƙa sarrafa ta a cikin gida. Duk masana'antar da za a gina a kan wannan tsari, abin da bishiya ta haifa za ta sarrafa.

Abubuwan da ke hallaka ta

Na farko shi ne gatari. Tsohuwar bishiya mai kogo ita ce gidan galla, ita ce kuma mai gawayi da mai itace ke nema. Gonakin da suka yi shekaru ba a noma ba sun koma saura, kuma sharar su da sara da wuta na tafiya da gidajen da suka kafu a ciki.

Na biyu shi ne yadda ake cire zuman. Mai farauta ko yaron kiwo yakan fasa kogon da gatari, ya kwashe tukwanen, ya bar 'ya'yan da sarauniya a rana tururuwa ta cinye. Don zuman da bai cika kofi ba an rasa gidan da zai iya shekaru yana aiki.

Na uku shi ne feshi. Maganin ƙwari da aka fesa da hantsi a kan shukar da ke fure yana samun masu barbara suna tsaka da aiki. Maganin ciyawa kuma na shafe furannin gefen gona da suke kiwo a kai idan amfanin gona bai fara fure ba. Shawarar malaman gona ita ce a jinkirta feshi zuwa yamma liƙis, a kuma guje masa lokacin da fure ya buɗe sosai.

Yadda ake kiwonta a gida

Kiwon galla ba ya buƙatar rigar kariya ko hayaƙi. Ƙaramin akwatin katako mai kauri ya isa, haka ma tukunyar ƙasa ko ƙwarya ko guntun icce mai kogo. Hanya mafi sauƙi ita ce ceto gidan da ke jikin bishiyar da ta riga ta faɗi: a yanko guntun da gidan yake, a toshe gefe da gefe, a kawo shi da dare bayan ma'aikatan sun koma ciki.

Idan za a mayar da shi akwati, a ɗauki ɓangaren 'ya'yan a hankali ba tare da an kife shi ba, a tabbata sarauniya na ciki, a shafa ɗan danƙon tsohuwar ƙofa a bakin sabuwar don su gane ta da ƙanshi. Kada a saka fasassun tukwanen zuma, domin warinsu na jawo tururuwa da ƙananan ƙudajen da tsutsarsu ke cinye gida. A liƙe duk wata kafa, a rataye akwatin a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko baranda, inda ruwan sama da ƙadangare ba za su kai ba. A ajiye ɗan ruwa kusa da rani.

Gidan da ya yi ƙarfi ana iya raba shi biyu, ta haka mai gida ɗaya zai tara da yawa ba tare da ya sake taɓa na daji ba. A yankin da shiga daji ya daɗe yana nufin saka rai a haɗari, sana'ar da ake yi a bayan ɗaki tana da daraja ta musamman, musamman ga mata da tsofaffi.

Inda aka yi nisa

Al'ummar Maya na ƙasar Meziko sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon irin wannan ƙudan zuma a cikin guntayen itace. A Ostireliya masu gonakin gyaɗar makadamiya na ajiye akwatunansa don barbara. Maleshiya ta fitar da ma'aunin ingancin zumansa a 2017. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta horar da manoman da ke kewayen dajin Kakamega, ta kuma gwada shi a rumfunan noma da ake rufewa da leda. A Gana, Farfesa Peter Kwapong na Jami'ar Cape Coast ya kafa cibiya ta musamman a kusa da gandun dajin Kakum.

Jihar Kaduna ba ta rasa inda za a fara ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da hukumar NAERLS duk suna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga kuma kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Afaka.

Zuman kaɗan ne

Wanda zai shiga kiwon galla don ya cika jarka zai sha mamaki. Gida ɗaya da wuya ya wuce kilo ɗaya a shekara, ƙananan nau'o'i ma ba sa kai haka. Zuman ya fi na amya ruwa-ruwa, yana da ɗan tsami, kuma yana saurin tashi idan ba a adana shi a kwalba mai tsafta a wuri mai sanyi ba. Masu kiwo na zuƙe shi da sirinji daga tukwanen, su bar wa gidan rabonsa. A ƙasashen da kasuwarsa ta kafu ya fi zuman amya tsada nesa ba kusa ba.

A 2020 masu bincike na Jami'ar Queensland da abokan aikinsu sun gano wani nau'in sukari da ba kasafai ake samu ba a cikinsa, wanda ke shiga jini a hankali. Duk da haka ba madadin maganin asibiti ba ne, kuma likitoci sun hana ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba kowane irin zuma.

Babbar ribar galla a kan yaɗon kankana da reshen kaɗanya take fitowa. Manomin da ke share saura a bana, idan ya ga ɗan bututun kaki a jikin tsohuwar bishiya, zai iya barin ta a tsaye, ko ya kai gidan inuwar rumfarsa.