Jelly Roll Morton: Gwanin fiyanon da wasu suka ci gajiyar kiɗansa

A shekarar 1938, an daɓa wa wani makaɗin fiyano wuƙa a gidan rawar da yake aiki a birnin Washington. Asibitin da ke kusa ya ƙi karɓarsa saboda na fararen fata ne kaɗai. Mutumin shi ne Jelly Roll Morton, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin kiɗan jazz a Amurka.

Sunansa na yanka Ferdinand LaMothe, kuma an haife shi a New Orleans wajajen 1890. Tun yana matashi ya fara kaɗa fiyano a gidajen karuwai na unguwar Storyville, lamarin da ya sa kakarsa ta kore shi daga gida. Ya yi shekaru yana yawon kiɗa a biranen Amurka, kuma a 1915 aka buga “Jelly Roll Blues”, ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen jazz na farko da aka wallafa a takarda.

Muhimmancinsa shi ne ya nuna cewa ana iya rubuta jazz a tsara shi ba tare da ya rasa armashinsa ba. Fayafayan da ya naɗa a Chicago daga 1926 tare da ƙungiyarsa ta Red Hot Peppers su ne shaidar hakan.

Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kiɗansa na “King Porter Stomp” ya taimaka wajen ɗaukaka Benny Goodman a 1935, alhali Morton na fama da talauci. Haƙƙin mallakar yawancin ayyukansa yana hannun kamfanin ɗab'i na Melrose, kuma ƙungiyar ASCAP, mai tattara wa masu ƙirƙirar kiɗa kuɗinsu daga gidajen rediyo, ba ta karɓe shi ba sai 1939.

A 1938 ɗin ne Alan Lomax ya naɗi labarinsa a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Iƙirarinsa cewa shi ya ƙirƙiro jazz a 1902 ya sa da yawa suka ɗauke shi mai cika baki, har kokensa kan haƙƙinsa ma aka yi watsi da shi. Ya rasu a Los Angeles ranar 10 ga Yulin 1941. Sai a 1999 binciken 'yan jaridar Chicago Tribune ya fito da takardun da suka nuna yadda aka tauye masa haƙƙi.