Sitaj a Ma'aikatu ga Ɗaliban Masta na Fannin Manufofin Jin Daɗin Jama'a: Asali, Amfani da Sharuɗɗa

1. Gabatarwa

Tun da jami'o'in Nijar suka shiga tsarin LMD, watau lisansi da masta da dokta, zaman koyon aiki a wata ma'aikata, abin da aka fi sani da sitaj, ya zama wani ɓangare na karatun masta a sassa da dama. Sai dai sau da yawa ana ɗaukar sa a matsayin sharaɗi kawai: ɗalibi ya sami wuri, ya yi ƴan watanni, ya dawo da takardar shaida da rahoton da rabinsa bayanin tsarin ma'aikatar ne. Wannan maƙala za ta bayyana inda sitaj ya samo asali a fannin manufofin jin daɗin jama'a, da irin ilmin da yake bayarwa wanda ba a samu a aji, sa'an nan da sharuɗɗan da ya kamata sashe ya gindaya kafin ya tura ɗalibi.

2. Asalin al'adar

A Ingila, zama cikin jama'a ya riga koyar da fannin a jami'a. A 1884 Samuel Barnett da matarsa Henrietta suka buɗe gidan Toynbee Hall a unguwar Whitechapel ta gabashin Landan, domin samarin da suka gama Oxford da Cambridge su zauna cikin talakawa su ga halin da ake ciki da idonsu. William Beveridge ya yi aiki a gidan daga 1903 zuwa 1905, kuma shi ne ya rubuta rahoton 1942 da aka gina tsarin inshorar jama'a na Ingila a kansa. Clement Attlee, wanda gwamnatinsa ta aiwatar da tsarin bayan 1945, shi ma ya riƙe sakataren gidan a 1910. Da makarantar LSE ta buɗe sashen ilmin zaman jama'a da gudanarwa a 1912, sai ta haɗa darussa da aiki a hukumomin taimakon jama'a. Ke nan tun farko an ɗauka cewa mai nazarin manufa sai ya zauna inda ake aiwatar da ita.

3. Abin da sitaj yake koyarwa

A aji ɗalibi yana karanta dokoki da takardun manufa. A ma'aikata kuwa yana ganin abin da ya rage daga cikinsu bayan sun ratsa ta kasafin kuɗi da hannuwan ma'aikata. A littafinsa na 1980 Michael Lipsky ya nuna cewa malaman makaranta da ƴan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a, saboda yawan mabuƙata da ƙarancin kayan aiki, dole suke zaɓar wanda za su fara yi wa aiki da kuma yadda za su yi shi, kuma wannan zaɓi na kullum shi ne manufar da jama'a suke gani. A nan Yamai, binciken cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a 2001, ya bi wannan hanya. Jean-Pierre Olivier de Sardan ya bambanta ƙa'idojin da ke rubuce da ƙa'idojin aikace, watau waɗanda ma'aikata suke bi a zahiri ba tare da an rubuta su ba. Misalai biyu daga Nijar za su fayyace batun.

Na farko shi ne magani kyauta. Bayan shirin Bamako na 1987, cibiyoyin kiwon lafiya sun dogara ga kuɗin da majinyata suke biya wajen sake sayen magani. A 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 kuma ta ɗauke kuɗin awon ciki da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Bisa tsarin, cibiya za ta yi aikin, ta aika da takardun neman biya, gwamnati ta mayar mata da kuɗin. Da biyan ya riƙa yin jinkirin watanni, wani lokaci shekaru, sai asusun cibiyoyi ya bushe, magani ya yanke, aka koma rubuta wa uwaye takarda su je su saya a waje. Ɗalibin da ya bi sawun takarda guda, daga cibiya zuwa gunduma, daga can zuwa ma'aikatar kiwon lafiya har baitulmali, yana rubuta ranar da ta shiga kowane ofis da ranar da ta fita, zai iya nuna ainihin inda manufar take tsayawa.

Na biyu shi ne tallafin kuɗi. A 2011, da taimakon Bankin Duniya, aka fara shirin da ya riƙa ba gidaje matalauta jika 10 kowane wata har wata 24, a jihohin Dosso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi da Damagaram, kuma akasari mata ne suka riƙa karɓa. An riƙa zaɓen gidajen ta hanyar ƙidayar kadarori da yanayin muhalli. Amma binciken LASDEL kan shirye-shiryen tallafin kuɗi ya nuna cewa a ƙauyuka da dama mutane suna ganin zaɓen a matsayin sa'a ko son kai, kuma wani lokaci ana sake raba kuɗin bayan masu rabo sun tafi. Jadawalin ofishin shiri ba ya nuna wannan. Sai ɗalibi ya halarci ranar biya, ya kuma kwana a garin.

4. Matsaloli uku

Matsala ta farko ita ce rashin takamaiman aiki. Inda ba a tsayar da tambaya tun farko ba, ɗalibi yakan ƙare a wajen injin kwafi ko rubuta bayanin taro, ko kuma a mayar da shi mai cika takardun tambayoyi a madadin ma'aikacin da ya kamata a biya.

Ta biyu ita ce rashin daidaito. Ma'aikatun ministoci da manyan ƙungiyoyi suna Yamai. Sitaj marar alawus yana yiwuwa ga wanda yake da masauki a can, yana kuma gagarar ɗalibin Tawa ko Damagaram da ba shi da kowa. Idan kuma aka bar kowa ya nemi wuri da kansa, mai uwa a gindin murhu ne zai samu. A Faransa dokar 10 ga Yuli 2014 ta wajabta alawus ga duk sitaj da ya wuce wata 2, ta kuma ƙayyade tsawonsa ga wata 6 a wuri guda cikin shekarar karatu. Ko da ba a kwaikwayi adadin ba, dalilin dokar abin dubawa ne.

Ta uku ita ce ƴancin bincike. Ɗalibi baƙo ne a ma'aikata, yana kuma fatan a ɗauke shi aiki daga baya, don haka yana da wuya ya rubuta abin da zai ɓata wa masu masaukinsa rai. A ɗaya gefen, yana ganin sunayen masu karɓar tallafi da dosiyen majinyata, yana jin maganganun da ƙaramin ma'aikaci zai iya rasa matsayinsa a kansu idan aka gane shi.

5. Sharuɗɗan da ake ba da shawara

a) A rattaba hannu kan yarjejeniya tsakanin sashe da ma'aikata da ɗalibi, wadda ta faɗi tambayar bincike, da aikin da ɗalibi zai yi wa ma'aikatar, da bayanan da aka yarda ya gani, da wanda zai ɗauki kuɗin tafiya.

b) A naɗa masu kula guda biyu, malami a sashe da jami'i a ma'aikata, su gana aƙalla a farko da tsakiya da ƙarshe.

c) Sashe ne zai nemo wurare ya raba su bisa ma'aunin da kowa ya sani. A duba ofisoshin jiha da gunduma da ƙananan hukumomi, da rassan CNSS da na OPVN, domin a can ne manufa take haɗuwa da jama'a, kuma sun fi kusa da jami'o'in jihohi. Dakatar da tallafin da wasu masu ba da agaji suka yi bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya nuna hatsarin dogara ga shirye-shiryen waje kaɗai.

d) Ɗalibi ya riƙe kundin lura na kullum, yana raba abin da ya gani da abin da aka faɗa masa da abin da ya fahimta.

e) A raba rubutu biyu: gajeriyar takardar shawara ta shafi 3 ko 4 domin ma'aikata, da kundin masta domin jami'a, inda za a sakaya sunayen mutane da wurare.

f) A mayar da sakamako ga ma'aikata da jama'ar da aka yi bincike a cikinsu, da harshen da aka yi hira da su.

6. Kammalawa

Ba kowace ma'aikata za ta karɓi waɗannan sharuɗɗa ba, kuma bin su zai ƙara wa malamai aiki, alhali ɗaliban da kowane malami yake kula da su sun riga sun yi yawa. Don haka ya fi kyau sashe ya fara da ma'aikatu biyu ko uku, ya riƙa tura ɗalibai wuri ɗaya shekara bayan shekara, yana ajiye kundayensu a laburare. Ta haka kowane sabon ɗalibi zai ɗora daga inda na gabansa ya tsaya, kuma bayan ƴan shekaru sashen zai mallaki bayanin yadda manufa guda ta gudana a wuri guda, abin da ma'aikatar da kanta ba kasafai take da lokacin tattarawa ba.