Ko Ka San Abin Da Ke Sa Kwamfuta Ta Sandare?

Ko ka san duk lokacin da ka danna harafi ɗaya a kwamfuta, sai ƙwaƙwalwarta ta ajiye aikin da take yi, ta saurare ka, sannan ta koma? Madannai, linzami, firinta, katin intanet, har da agogon cikinta da ke bugawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kowanne aika mata kira yake yi. Akwai wani ɗan sashe da ba shi da aiki sai karɓar kiraye-kirayen nan, ya jera su bisa muhimmanci, ya miƙa kowanne inda ya dace. In ya rikice, sai kwamfuta ta sandare, ko ta mutu ta tashi da kanta, alhali babu ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinta.

Wanda ya san iyakar Tsamiya, inda ake fita daga ƙaramar hukumar Bagudo zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, zai gane batun da wuri. In jami'i ɗaya ne a tebur, layi ɗaya ya wadatar. In teburan huɗu ne, dole a sami mai cewa "kai je can, ke zo nan." Ranar da ya tura matafiyi teburin da ba kowa, layi ya tsaya ke nan.

Kwamfutar IBM ta 1981 ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, mai raba kiranta kuwa shi ne Intel 8259, mai layuka 8. A 1984 aka haɗa guda biyu, aka sami layuka 15 na amfani. Da aka fara saka ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya a allo guda, sai tsohon tsarin ya gaza, Intel ta fito da APIC a farkon shekarun 1990: kowace ƙwaƙwalwa da nata mai karɓar kira, sannan ga wani a kan allo, yawanci mai layuka 24, yana rarraba musu. A da manyan kamfanoni ne ke da irin wannan inji. Yau tsohuwar laftof 'yar Kwatano da ake buga takardu da ita a shagon Bagudo ko Illo ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu gare ta, wayar aljihunka ma tana da nata mai raba kiran, yawanci wanda ARM ta tsara, ana ce masa GIC.

Injin yakan faɗi damuwarsa, karantawa ce ba a yi. A Linux za ka ga "APIC error on CPU0" da lamba a gabansa. Lamba 02 na nufin saƙo ya iso a gurɓace, abin da ya addabi masu allon Abit BP6 na 1999 mai Celeron biyu. Lamba 40 kuwa, kira ne ya zo da lambar da ba ta halatta ba. Akwai kuma wani saƙo mai ban dariya, "nobody cared", wato wata na'ura ta yi ta kira ba wanda ya kula ta. Linux yana ƙirgawa: in cikin kira 100,000 aka rasa mai amsa 99,900, sai ya rufe layin ƙirif. Daga nan ne za ka ga intanet ko USB ya ɗauke ba dalili. A Windows, shuɗin allo mai CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT cewa yake yi ɗaya daga cikin ƙwaƙwalen ba ta amsa kiran agogo a kan lokaci ba.

Me ke jawo haka? Wani lokaci BIOS ne ke ba manhaja taswirar layuka mai kuskure, wani lokaci direban na'ura ne. Amma a ƙasarmu, in an tambaye ni, a fara da zafi da wuta. Hunturu ya cika fanka da ƙura, Maris da Afrilu su zo da zafin da ke haura digiri 40, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli. Ƙara da janareta mai hawa da sauka da cajar jabu, to saƙo ba zai iso lafiya ba.

Saboda haka a buɗe a hure ƙura, a sake man, a gwada caja ta gaske. A cire duk abin da aka jona ta USB, a mayar ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya fito. A gwada RAM da Memtest86, a sabunta BIOS, amma ban da lokacin da wuta ke wasa, domin in ta ɗauke ana tsakiyar yi allon na iya mutuwa. Mai Linux na iya tayar da injin da umarnin noapic, wanda ke komar da shi tsohon tsarin 8259. In ya daidaita, an gano unguwar da ɓarawon yake, sai dai gwaji ne, ba magani ba. Ɗan'uwansa nolapic ya fi tsada, domin ƙwaƙwalwa ɗaya tak zai bar maka.

Abin da ke ba ni haushi shi ne saurin cewa "a yi fomat." Fomat ba ya share ƙurar fanka, ba ya gyara caja, takardun mutane kawai yake kwashewa. In mai gyara ya ce zai yi maka, ka ce ya fara nuna maka saƙon da injin ya rubuta kafin ya sandare.