Tsohon Magani Ya Yi Nasara, Sai Dai Gwajinsa Yana Nesa da Tsanyawa

A watan Agustan 2022, a babban taron likitocin zuciya na Turai da aka yi a Basalona, an bayyana sakamakon wani bincike mai suna INVICTUS, wanda ya ba masu binciken kansu mamaki. An ɗauki marasa lafiya fiye da 4,500 daga ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Latin Amurka, har da Najeriya, dukkansu masu fama da rikicewar bugun zuciya da ta samo asali daga lalacewar ƙofofin zuciya. Aka raba su gida biyu. Rabi aka ba su rivaroxaban, sabon maganin tsinka jini mai tsada. Rabi kuma warfarin ko danginsa, maganin da aka fara sayarwa a 1948 a matsayin gubar ɓera. An shiga binciken ne da fatan sabon zai yi fice, ko aƙalla a yi kunnen doki. Bayan kusan shekara uku ana bibiya, mutum 560 a ɓangaren sabon magani sun rasu ko sun gamu da shanyewar ɓarin jiki ko makamancinsa. A ɓangaren tsohon, 446 ne.

Wannan labari ya fi shafar mutumin Tsanyawa ta jihar Kano a kan mutumin Basalona, ko da kuwa bai taɓa jin sa ba.

Ciwon rikicewar bugun, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF, ba shi da wuyar fahimta. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Idan na saman suka daina matsawa daidai suka koma karkarwa, sai jini ya riƙa kwanciya a wani lungu na ɗakin hagu, ya daskare ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, sai baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu, magana ta ɗauke. A ƙauye sau da yawa akan ce iska ce ta buge shi, a fara da rubutu da hayaƙi. Binciken Framingham na Amurka, wanda aka soma tun 1948, ya nuna cewa AF tana ninka haɗarin wannan shanyewa kusan sau biyar. Warfarin kuwa, idan an sha shi bisa ƙa'ida, yana rage haɗarin da kusan kashi biyu bisa uku.

Matsalar warfarin ita ce rigima. Ya yi kaɗan, jini ya daskare; ya yi yawa, jini ya tsinke. Dole a riƙa gwajin jini da ake kira INR a kai a kai, ana so ma'aunin ya tsaya tsakanin 2 da 3. Gudun wannan wahala ce ta sa kamfanonin magani suka zuba kuɗi, kuma daga 2009 zuwa 2013 manyan bincike huɗu suka fito da dabigatran da rivaroxaban da apixaban da edoxaban, magungunan da ba sa buƙatar gwaji. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irinsu a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. A shekarar ne kuma jami'ar Stanford ta fitar da binciken da aka yi da agogon Apple a hannun mutum sama da 400,000 don gano bugun da ya kauce.

Ci gaba ne na gaske, amma don wa aka yi shi? Waɗanda aka gwada magungunan a kansu yawanci dattawa ne masu shekara 70 ko kusa da haka, kuma da gangan aka cire masu tsananin tsukewar ƙofar zuciya daga cikinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bincike irin wannan yana cin maƙudan kuɗi, mai biya kuma yana duba inda kasuwarsa take. A ƙasashen da ke da kuɗin sayen sabon magani, zazzaɓin da ke lalata ƙofar zuciya ya kusa zama tarihi.

A ƙasar Hausa bai zama tarihi ba. Abin yana farawa ne da ciwon makogwaro a yaro ɗan makarantar firamare ko na allo, wanda wata ƙwayar cuta ke haddasawa. Idan ba a ba da maganin fenisilin ba, garkuwar jiki takan rikice ta far wa gaɓoɓi da zuciya. Yaron ya yi zazzaɓi, gwiwa ta kumbura, a ce sanyi ne ko shawara, ya warke ya koma wasa. Bayan shekara goma ko ashirin sai ƙofar zuciya ta tsuke, ɗakin sama ya buɗe, bugu ya rikice. Cunkoso a ɗakin kwana, talauci da nisan asibiti su ne takin wannan cuta, kuma duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da iyakar Katsina, inda gida ke manne da gida, gona ke manne da gona, ya san ba a rasa ko ɗaya daga cikinsu.

Alƙaluman da Afirka ta tattara da hannunta sun tabbatar da bambancin. A rajistar REMEDY, wadda ta bi mutum 3,343 masu wannan lalacewar zuciya a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, matsakaicin shekaru 28 ne, kashi biyu bisa uku mata ne, kuma kusan ɗaya cikin biyar na da AF. Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin marubutan wannan aiki, kamar yadda yake cikin na THESUS-HF na 2012, wanda ya duba mutum 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashe tara ya tarar hawan jini ne kan gaba a cikin dalilai. Wata rajistar ta mutum fiye da 15,000 a ƙasashe 47 ta nuna cewa cikin shekara guda da zuwa asibiti da AF, kashi 20 cikin ɗari na 'yan Afirka sun rasu, ninki biyu na abin da aka gani a Arewacin Amurka da Yammacin Turai, alhali 'yan Afirkan sun fi ƙuruciya. Ga kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci suka rubuta a kansa a Zariya tun shekarun 1970, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero kuma ya jagoranci rajistarsa ta ƙasa, inda aka ga ya fi yawa a Arewa maso Yamma. Zuciyar da ta buɗe ta yi rauni, ko mene ne sanadi, tana da saurin rikicewar bugu da tara gudan jini.

Ke nan mai AF a nan tana iya zama matar aure 'yar shekara talatin mai goyo, ba tsohon da ya yi ritaya ba. Wannan kaɗai ya canza lissafi, domin warfarin na iya illata ɗan tayi, musamman a farkon ciki.

To me ya sa tsohon magani ya yi nasara a INVICTUS? Bambancin ya fi fitowa a yawan mace-mace, kuma raguwar shanyewar jiki kaɗai ba ta isa ta bayyana shi ba. Masu shan rivaroxaban sun fi yawan daina maganinsu. Masu shan warfarin kuwa gwajin INR ya tilasta musu ganin ma'aikacin lafiya a kai a kai. A farkon binciken kusan kashi ɗaya bisa uku ne ma'auninsu yake daidai, daga baya suka kusa kashi biyu bisa uku. Wasu masana na ganin wannan yawan zuwa asibiti yana da hannu a cikin nasarar. Idan haka ne, abin da ya yi nasara ba ƙwaya ba ce ita kaɗai, ƙwaya ce haɗe da kulawa, kuma kulawar ce ta fi tsada a ƙauye.

A auna abin da ma'aunin Tsanyawa, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da 157,000, mafi yawansu manoman gero da dawa da gyaɗa da wake. Ƙwayar warfarin ba ta da tsada. Amma mutumin Yankamaye da aka ce ya riƙa gwaji duk wata, sai ya hau babur zuwa bakin titin Katsina, ya shiga mota zuwa inda ake da na'ura, galibi cikin birni, ya biya kuɗin gwaji, ya jira likita, ya yi asarar yini guda. Da damina, yinin nan na noma ne. Mace kuma sai an sami mai raka ta da mai riƙe mata yara. Ba abin mamaki ba ne da REMEDY ta tarar cewa cikin waɗanda aka yi wa gwajin, ƙasa da kashi ɗaya bisa uku ne ma'auninsu yake inda ake so, kuma waɗannan su ne ma suka samu isa manyan asibitoci.

Sai kuma abin da ke cikin tukunya da na kan kantar kemis. Ganye irin alayyafo da zogale na ɗauke da sinadarin bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin. Ba hana ci ake yi ba, so ake a ci daidai gwargwado kullum, abin da ke da wuya inda ɗanyen ganye ke wadata da damina ya yi ƙaranci da rani. Flagyl da Septrin, da ake saya ba takardar likita, suna ƙara wa warfarin ƙarfi. Diclofenac da ibuprofen, abokan manomi bayan wunin huɗa, suna ƙara haɗarin zubar jini. Rifampicin na masu tarin fuka kuwa yana karya shi. Likitan da ya san majinyacinsa ba zai dawo gwaji ba yakan ji tsoron rubuta warfarin, ya sallame shi da asfirin, wanda kariyarsa a nan kaɗan ce ƙwarai.

Sababbin magungunan ba su faɗi gaba ɗaya ba. Ga wanda AF ɗinsa ta hawan jini ce ko ta tsufa, ƙofofin zuciyarsa kuma lafiya lau, sun fi dacewa da ƙauye, tunda ba gwaji. Sai dai kafin a san wane rukuni mutum yake, dole a yi masa awon ECG da hoton zuciya, su ma a birni suka fi samuwa. A nan ne kuɗin ya kamata ya tafi. Akwai ƙaramar na'urar INR da ke aiki da ɗigon jinin yatsa kamar ta masu ciwon suga, akwai ta hoton zuciya da ake haɗawa da waya, kuma taɓa jijiyar wuyan hannu don jin ko bugu ya rikice abu ne da kowane ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi zai iya yi a duk lokacin da ya auna hawan jini.

Binciken da ya nuna hanya mafi arha ma ba a kan AF aka yi shi ba. A Yuganda, gwajin GOAL ya ɗauki yara fiye da 900 da hoto ya nuna zuciyarsu ta fara taɓuwa amma ba su san da ciwon ba. Aka riƙa yi wa rabinsu allurar fenisilin duk bayan mako huɗu har shekara biyu. Cikin waɗanda ba a yi wa ba, kashi 8.2 cikin ɗari ciwonsu ya ƙaru. Cikin waɗanda aka yi wa, kashi 0.8. An gano yaran ne a makarantunsu, ba a asibiti ba, kuma ko a REMEDY kusan rabin majinyatan ba sa samun wannan allura da aka san amfaninta tun shekarun 1950.