Tseren motoci a kwamfuta: Shin na'ura ce ke tuƙi ko direba?

Daga cikin muhawarorin da suka daɗe tsakanin masu wasannin tseren motoci na kwamfuta akwai batun na'urorin tallafin tuƙi, wato ko ya dace mai wasa ya bar su a kunne ko kuwa ya kashe su.

Wasanni irin su Gran Turismo, wanda kamfanin Polyphony Digital na Japan ya fara fitarwa a shekarar 1997, da Forza Motorsport na Microsoft da ya biyo baya a 2005, da kuma iRacing na 2008, an gina su ne domin su kwaikwayi halayyar motar gaske a kan kwalta. To ita kuwa motar tsere ba ta da sauƙin sarrafawa.

Mene ne aikin na'urorin?

Ta farko ita ce ABS, wadda ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi. Tayar da ta daina juyawa ba ta jin sitiyari, don haka motar sai ta miƙe ta wuce kwana.

Ta biyu tana rage ƙarfin inji da zarar tayoyi sun soma juyawa a banza saboda direba ya cika taka totur wajen fita daga kwana.

Akwai kuma wadda ke hana mota juyawa idan bayanta ya ɗauki santsi, da mai sauya giya da kanta.

Sai wasu da babu su sam a motar gaske. Akwai layin da ake shatawa a kan titi, wanda launinsa ke komawa ja inda ya kamata a taka birki. Akwai kuma damar mayar da lokaci baya idan an yi haɗari, kamar yadda aka gani a wasan Forza Motorsport 3 na 2009.

Hujjar masu kashewa

Masu ra'ayin kashe na'urorin na cewa taya ta fi kama ƙasa ne a daidai gaɓar da ta soma zamewa kaɗan, kuma gwanintar direba ita ce ya tsaya a wannan gaɓa. Idan na'ura ta rage inji tun kafin a kai can, an yi asarar lokaci a kowace kwana.

Sai dai babbar hujjarsu ta shafi koyo ne. Wanda ya saba danna birki har ƙasa na'ura tana gyara masa, ƙafarsa ba za ta taɓa sanin iyakar taya ba. Layin nan mai launi ma ya fi illa, domin idon mai wasa yakan kafe a kansa, ya kasa haddace alamomin da ke gefen titi. Ranar da wata mota ta rufe masa layin a tsakiyar tsere, ranar zai gane bai san hanyar ba.

Wannan gardama dai ta samo asali ne daga filin tsere na gaske. A 1992 da 1993 motocin Williams da Nigel Mansell da Alain Prost suka lashe gasar Formula One da su cike suke da na'urori, abin da ya sa hukumar FIA ta haramta su daga kakar 1994. An halatta na'urar daidaita ƙarfin inji a 2001, ganin cewa sa ido a kanta ya yi wuya, kana aka sake hana ta a 2008.

Ba kowace mota ba ce Formula One

Amma da'awar cewa direban ƙwarai ba ya amfani da tallafi ko kaɗan tana da rauni. Motocin rukunin GT3, waɗanda wasan Assetto Corsa Competizione ya kwaikwaya, suna da ABS da na'urar daidaita inji a zahiri, kuma direbobinsu na sauya ƙarfin na'urorin ana cikin tsere, musamman idan ruwan sama ya sauko ko tayoyi sun cinye. Wanda ya kashe su a wasan ya nisanta kansa daga motar gaske ne.

Akwai kuma batun kayan aiki. Mai sitiyari na musamman yana jin santsin taya a hannunsa, kuma yana da abin takawa na birki. Mai riƙe da ƙaramin madanni kuwa da ɗan yatsa yake yin duk wannan aiki. Kayan farko suna da tsada, saboda haka ƙa'idar da ta hana tallafi baki ɗaya ta fi amfanar mai kuɗi.

A wasan Forza Motorsport na 2023 an sanya tsarin sauti da ke yi wa makafi jagora a kan titi, bayan aiki tare da wani makaho mai suna Brandon Cole. Ga irin waɗannan masu wasa, in babu tallafi babu wasan.

Daga allo zuwa kwalta

Abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne wasan ya zama ƙofar sana'a. A 2008 kamfanonin Nissan da Sony suka ƙaddamar da gasar GT Academy, wadda ɗan ƙasar Sifen Lucas Ordóñez ya fara lashewa, ya kuma zo na biyu a rukuninsa a tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 2011. Ɗan Birtaniya Jann Mardenborough, wanda ya ci gasar a 2011, ya zo na uku a rukuninsa a can a 2013.

Shawarar da gogaggu suka fi bai wa sabon shiga ita ce ya janye tallafin ɗaya bayan ɗaya, ya fara da waɗanda babu su a motar gaske, ya bar ABS zuwa ƙarshe, kuma ya yi atisaye da ƙaramar mota a hanya guda har ya haddace ta. A kwanakin farko gudunsa zai ragu kafin ya dawo.